Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya da shugabannin asibitocin koyarwa kan masu dajin maƙoshi da masu jinyarsu

Mai girma Ministan Lafiya,
Shugaban cibiyar kula da cutar daji ta ƙasa, NICRAT,
Shugabannin asibitocin koyarwa na jihohin Arewa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu ma'aikatan lafiya ne masu duba masu ciwon dajin maƙoshi. A cikinmu akwai likitocin tiyata da na gashi, wato ƙona ƙarin daji da hasken na'ura, da nas-nas, da masana abinci na asibiti. Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne, da yawa daga cikin waɗannan marasa lafiya yunwa da ƙishirwa ne ke kayar da su tun kafin a kai ga fara magani. Wadda ke tsaye tsakaninsu da wannan yunwa kuwa matar gida ce, ko miji idan matar ce ke kwance. Ita ke dama kunu, ita ke riƙe sirinji, ita ke farke da dare tana sauraron tarinsa. Amma tsarin asibitocinmu bai san da zamanta ba, sai lokacin da za a miƙa mata takardar sayen magani.

Maƙoshi bututun tsoka ne, tsawonsa kamar santimita 25 a jikin baligi. Ya taso daga ƙasan maƙogwaro, ya bi ta bayan hanyar iska da zuciya, ya faɗa tumbi. Yana buɗewa ya ba loma hanya, shi ya sa ƙari kan daɗe yana girma a jikinsa ba a sani ba, sai hanyar ta tsuke ta koma kamar milimita 13 sannan abinci ya fara tsayawa. Da farko tsokar nama ce, ko burodi, ko lomar tuwon da ya kwana. Mutum ya kora da ruwa ta wuce. Bayan 'yan makonni ya bar cin nama bai faɗi dalili ba, ya ce a sassauta masa tuwo a yawaita miya. Daga nan sai kunu, sannan kunun ma sai an tsinka shi. A ƙarshe yawun bakinsa ba ya wucewa, sai a ajiye masa gwangwani da yashi a gefen shimfiɗa. Matarsa ce ke fara lura, domin ita ke ɗauke kwano da saura, ita ke ganin yana ƙara tsuke tazuge.

Alƙaluman hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, na shekarar 2022 sun nuna kimanin mutum 511,000 ne suka kamu da wannan ciwo a duniya, kimanin 445,000 kuma suka mutu. Kusancin waɗannan lambobi biyu ya isa ya nuna yadda ake makara wajen gano shi. A Afirka ya fi yawa a gabas, daga Sudan da Habasha da Kenya har Malawi da Afirka ta Kudu. A yankinmu bai kai haka ba, wannan ne ma ya sa ba a yi masa tanadi ba. Abubuwan da ke jawo shi kuwa duk muna da su: taba, giya, ƙwannafi na shekara da shekaru, da tabon sodar yin sabulu ga wanda ya taɓa shan ta yana yaro. A shekarar 2016 IARC ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Duk wanda ya san yadda muke kurɓar shayi da koko suna tururi ya san maganar ta shafe mu.

Watannin da ake ɓatawa kafin zuwa wurinmu an san inda suke tafiya. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba da omefrazol, ƙunar ta ɗan lafa, a ɗauka an samu sauƙi. Wanzami ya ce beli ne ya yanke. Wani ya ce an ba shi wani abu ne a abinci. Muna roƙon a aika wa kowane ƙaramin asibiti da kowane mai shagon magani ƙa'ida guda: baligin da abinci ke tsaya masa a ƙirji, abin kuma yana ƙaruwa, ba a ba shi maganin olsa a sallame shi, tura shi ake yi a leƙa maƙoshin da na'urar endoskofi. A Birtaniya, a shekarar 2015, an tsara a yi wannan cikin mako biyu. Hoton da ake ɗauka bayan shan farin ruwan bariyom yana nuna inda hanya ta tsuke, amma ba ya faɗin ko mene ne. Sai an tsinko nama, aƙalla guda shida daga wurare daban-daban na ƙarin, an duba a ɗakin gwaji. Idan aka tsinko ɗaya ko biyu daga sama inda naman ya mutu, sakamako zai dawo babu komai, a sake sabon layi, wata guda ya tafi.

To, a wannan zaman jira na sakamako da hoton siti-sikan da neman kuɗi ne mutum ke narkewa. Nan muke so ku tsaya da mu kaɗan, domin lissafin ba shi da wuya. Mai ciwon daji yana bukatar kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bayarwa, 25 zuwa 30 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, da furotin mai gina jiki giram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo. Mai kilo 50 ke nan yana neman kalori 1,250 zuwa 1,500, da furotin giram 50 zuwa 75, da ruwa lita ɗaya da rabi ko fiye idan ana zafi. Kofin tsinkakken koko na mililita 250 da wuya ya wuce kalori 100. Matar da ta samu mijinta ya shanye kofi huɗu a wuni murna take yi, alhali kashi ɗaya cikin uku na bukatarsa bai samu ba. Ba sakacinta ba ne, ba wanda ya taɓa yi mata wannan lissafi.

Gyaran yana cikin kicin ɗinta. A wannan kofi ɗaya, a zuba madarar gari mai maiƙo cokali uku na cin abinci, man gyaɗa cokali ɗaya, markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi cokali ɗaya, sukari cokali ɗaya. Man kaɗai kalori 120 ne. Kofin ya tashi daga 100 ya haura 400, girmansa bai canja ba. Kofi huɗu irin wannan, da dafaffen ƙwai biyu da aka markaɗa a ciki ko a romo, sun kai mai kilo 50 inda ake so. A raba su shida ko takwas, rabin kofi kowane awa biyu, da ɗumi ba da zafi ba. A fara da rabin man da rabin madarar na kwana biyu ko uku, don idan aka zuba gaba ɗaya zawo kan biyo baya. Mai ciwon sukari a cire masa sukarin. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna. Madarar waken suya da awara da kifin da aka zare wa ƙaya duk suna shiga. Ɗanyen ƙwai da ake fasawa a lemon malt da sunan ƙarin jini a bar shi, haka nonon da ba a tafasa ba, musamman ga mai karɓar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. A auna nauyi sau ɗaya a mako, a ma'auni guda, a rubuta. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata ɗaya, ko abin da yake iya haɗiya bai kai kashi 60 cikin 100 na bukatarsa ba har fiye da mako, lokacin sa masa robar ɗura abinci ya yi, ba sai ya kasa tashi ba.

Akwai hatsarin da ko wasu ma'aikatanmu ba su cika kula da shi ba. Mutumin da ya yi kwana biyar zuwa goma kusan ba ci, idan aka sa masa roba aka ɗura masa abinci cikakke a rana ta farko, gishirin jininsa, wato fosfet da fotasiyom da magnesiyom, sai ya ruga cikin ƙwayoyin jiki lokaci guda. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya, bugun zuciya ya rikice, wani ya mutu kwana biyu bayan an yi murnar ya fara samun abinci. Ƙa'idar ita ce a fara da kalori 10 a kan kowane kilo, a riƙa ƙarawa cikin kwana huɗu zuwa bakwai, a ba da sinadarin tayamin, wato bitamin B1, kafin ɗurin farko, a riƙa auna jini. Dole a gaya wa iyali dalili. Idan ba a faɗa ba, za su ɗauka ana yi masa ƙwauro, su ƙara masa a ɓoye bayan nas ta fita.

Robar abinci iri uku ce: wadda ake bi da ita ta hanci idan akwai sauran hanya, wadda ake huda ciki a sa a tumbi, da wadda ake sa wa a ƙaramin hanji. Wanda ake sa ran yi wa tiyata, likitoci da yawa sun fi son ta hanji, domin tumbin ne za a mayar sabon maƙoshi, ba a so a taɓa shi. Bambancin yana da muhimmanci ga mai ɗura abincin. Ta tumbi tana ɗaukar mililita 200 zuwa 300 a zama ɗaya, cikin minti 15 zuwa 20. Ta hanji ba ta ɗaukar haka. Hanji ba ma'aji ba ne, idan aka tura masa kofi guda sai murɗa da gumi da zawo, don haka a hankali ake ba shi, kaɗan-kaɗan na tsawon sa'o'i, kuma robar siririya ce, abin da bai tsinke sosai ba toshe ta yake yi.

Ga abin da ya kamata hannun mai jinya ya saba da shi kafin a sallame su. Ta wanke hannu da sabulu. Ta zaunar da shi, ko ta tada kafaɗunsa da matasai, kada a ɗura masa yana kwance shame-shame, ya kuma zauna haka minti 30 zuwa awa ɗaya bayan an gama, in ba haka ba abincin ya dawo ya shiga huhu. Ta tace abincin da rariya mai laushi sau biyu. Ta tura ruwan da aka tafasa ya huce mililita 30 da babban sirinji mai cin 60, sannan abinci, sannan wani ruwan 30. Magani kowanne daban ake daka shi ya narke, a bi shi da ruwa, ba a gauraya shi da kunu. Akwai ƙwayoyin da ba a dakawa sam, irin waɗanda aka yi su don su riƙa narkewa a hankali, sai mai harhaɗa magani ya duba takardar ya sauya su da na ruwa. Abincin da aka haɗa kada ya wuce awa biyu a waje, a zafin bazara ma bai kamata ya kai haka ba, kuma firjin da wuta ke zuwa tana tafiya ba abin dogaro ba ne, gara a riƙa haɗa na zama ɗaya. Idan roba ta toshe, ruwan ɗumi ake turawa a ja, a tura a ja, a bar shi ya jiƙa minti 20 a sake. Ba a zura tsinken tsintsiya ko waya. Idan ta fita gaba ɗaya, ramin kan fara rufewa cikin 'yan awoyi, don haka a rufe da bandeji mai tsabta a tafi asibiti a ranar. A makonni huɗu na farko kada kowa ya yi ƙoƙarin mayar da ita a gida, tana iya shiga tsakanin tumbi da fatar ciki, abincin da za a zuba ya zama ajali.

Ranku ya daɗe, kun sani a wurare da yawa robar fitsari ake sa wa a tumbi saboda ita ce ake da ita. Tana aiki, amma ruwan tumbi yana cin balan-balan ɗin da ke riƙe ta ya fashe, kuma da yake ba ta da marfin da zai tare ta daga waje, hanji kan ja ta ciki ta toshe mafitar tumbi, mutum ya yi ta amai. Idan dole sai ita, a yi mata alama daidai fata, a ɗaure ta da filasta, a nuna wa mai jinya alamar, a sa ranar canji. Abin da ya fi shi ne a sayo robar da aka yi domin wannan aiki.

Wa ake koya wa duk wannan? A ɗakin maza, wanda ke kwana da mara lafiya ƙaninsa ne ko ɗansa. Shi nas take gani, shi take nuna wa, a tsaitsaye, ranar sallama. Su koma gida, ƙanin ya koma kasuwa, a bar matar da roba a cikin mijinta ba ta taɓa ganin yadda ake buɗe ta ba. Idan gidan mata biyu ne ko uku, girki yana zagayawa, abincin mara lafiya ma ya riƙa canjawa da ranar girki. Idan matar ce ba lafiya, sau da yawa gidan iyayenta ake mayar da ita jinya, mijin ne ya ji bayanin likita, uwa ko ƙanwa ce za ta yi aikin. Muna roƙon a sa a cikin takardar kwanciya tambaya ɗaya: wa zai riƙa haɗa abincin a gida? A kira wannan mutum ko mutanen da sunansu. Kada a sallami mai roba sai kowannensu ya ɗura abinci da hannunsa sau uku a gaban nas. A ba su takarda da Hausar boko da ajami mai hotuna, da saƙon murya a waya ga wadda ba ta karatu. A haɗa musu sirinji biyu, ma'aunin zafin jiki, safar hannu, bandeji da filasta. A ba su lambar waya da ake ɗauka dare da rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, matar da ta kira ta ce tarinsa ya canja tun jiya a saurare ta.

Ga wanda ciwonsa ya wuce warkewa, abin da ya fi saurin dawo masa da haɗiya shi ne bututun ragar ƙarfe da ake kira sitent. Ana shigar da shi a tsuke, ya buɗe da kansa ya ture ƙarin, mutum ya sha ruwa a ranar. Asibitin Tenwek da ke Bomet a Kenya, asibitin karkara ne, likitocinsa sun nuna ana iya sa shi da endoskofi kawai ba tare da na'urar hoto ba, kuma a shekarar 2009 sun wallafa sakamakon mutum fiye da 900. Ba mu ga abin da zai hana kowane asibitin koyarwa a Arewa samun likita biyu da suka iya wannan ba, da sitent a ajiye, a saye da yawa don farashi ya sauka. Ba a gaggauta sa shi ga wanda ake shirin yi wa gashi ko tiyata don warkewa, can roba ta fi. Shi ma yana da nasa dokoki. Ranar farko ruwa-ruwa, sannan mai laushi. Loma ƙarama, tauna sosai, kurɓar ruwa tsakanin loma, da ɗan lemo mai gas bayan an gama don ya wanke ragar. Sabon burodi, kilishi, tsire, ganda, mangwaro mai zare da rake duk an yi sallama da su. Idan ya sauka har bakin tumbi, ƙofar ba ta ƙara rufuwa, sai a ɗaga kan gado, a daina ci awa uku kafin barci. Ciwon ƙirji na 'yan kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne aman jini, ko haɗiya ta tsaya cak, ko tari mai shaƙewa duk lokacin da aka kurɓi ruwa. Wannan na ƙarshe yana iya nuna ƙarin ya huda zuwa hanyar iska, a dakatar da komai ta baki a kawo shi.

Wanda aka samu da wuri, hanyar da aka fi bi ita ce kemo da gashi tare. Idan tiyata za ta biyo baya, tsarin da aka gwada a Holan aka wallafa a 2012 shi ne magungunan kemo kaboplatin da paklitaksel sau ɗaya a mako har mako biyar, da gashi zama 23. Idan ba tiyata, gashin kan kai zama 25 zuwa 28, Litinin zuwa Juma'a. Ma'ana mutumin Nguru ko Mubi zai tare a Zariya ko Sakkwato ko Abuja, ko sabuwar cibiyar da aka buɗe a Katsina a 2025, na mako biyar zuwa shida, shi da mai jinyarsa. Ina za su kwana, ina za ta dafa wannan kunu, ina za ta samu ruwan wanke sirinji? Kowace cibiyar gashi tana bukatar masauki mai kicin da famfo. Tana kuma bukatar yarjejeniya a rubuce da wata cibiya, ta yadda in na'ura ta tsaya za a tura mutane cikin 'yan kwanaki, domin kowane zama da aka tsallake dama ce ga ƙarin ya sake tsiro.

Daga mako na biyu ko na uku gashin kan ƙona cikin maƙoshi, haɗiya ta fi da zafi, abin ya kai ƙololuwa mako ɗaya ko biyu bayan an gama, sannan ya lafa cikin wata guda ko fiye kaɗan. A nan ne dangi ke cewa asibiti ya ƙara masa ciwo, su ɗauke shi. Da an faɗa musu tun ranar farko, da sun jure. Haka zazzaɓi. Kemo yana karya sojojin jini, sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan. Zafin jiki digiri 38 a wannan lokaci ba na farasitamol da maganin maleriya daga kemis ba ne. Asibiti ake nufa ko da tsakar dare, kuma ya kamata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jikinsa cikin awa ɗaya da isowa. Muna roƙon a ba kowane mai kemo kati da zai nuna a ɗakin taimakon gaggawa, a fara yi masa magani kafin maganar biya. Mai karɓar maganin kemo sisplatin ya nisanci diklofenak da ibuprofen, ƙoda suke kashewa. Gyambon baki ana kurkure shi da gishiri cokalin shayi ɗaya da sodar yin kek cokalin shayi ɗaya a lita guda ta ruwa, ba kanwa ba.

Tiyatar babba ce, kuma ba kowane asibiti ya kamata ya taɓa ta ba. Gara a tattara ta a cibiyoyi kaɗan masu ɗakin kulawa ta musamman, inda hannu ya saba. Bayanta tumbi ya zama siririn bututu a ƙirji, ci ya koma sau shida zuwa takwas a rana, barci da kai a sama har ƙarshen rayuwa. Abin zaƙi da yawa yana kawo jiri da gumi da bugun zuciya bayan ci. Idan abinci ya sake tsayawa bayan wata biyu ko uku, galibi ɗinkin ne ya tsuke, ana buɗe shi da endoskofi, kada matar ta yanke ƙauna tana zaton ciwon ne ya dawo.

Sai zafin ciwo. Mofin na ruwa shi ya dace da wanda ba ya haɗiyar ƙwaya, yana bi ta roba, yana da araha. Likita kan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 kowane awa huɗu, bisa agogo, ba sai mutum ya fara nishi ba, tare da maganin sassauta bayan gida tun ranar farko. Uganda tun 2004 ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, har ƙauye ake kai wa mutane. Mun san ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, mun kuma goyi bayan tsaurarawa. Amma dattijon da ƙari ke cin ƙirjinsa ba shi ya kamata ya biya wannan bashi ba. A tabbatar kowane asibitin koyarwa da babban asibitin jiha yana da mofin na ruwa, a ba da na wata guda ga wanda gidansa ke nesa, a koya wa matar aunawa da ƙaramin sirinji da kulle kwalbar inda yara ba sa kaiwa.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba mara lafiya haƙƙin a sanar da shi halin da yake ciki da harshen da yake fahimta. Abin da aka saba kuwa shi ne yayye da ƙanne su tare likita a baranda su ce kada a faɗa masa, kada kuma a faɗa wa matar, wai ba za ta iya ɗauka ba. Ita da ke wanke gwangwanin yawunsa ta riga ta san ba olsa ba ce. A tambayi mara lafiya wa yake so ya zauna da shi, a ba su ɗaki mai ƙofa da kujeru. Akwai tambayoyin da ba za su yi a gaban dangi ba, sai ma'aikaci ya fara buɗe maganar. Ciwon ba ya yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa, kada a ware masa cokali. Wanda aka yi wa gashi daga waje ba ya ɗauke da komai da zai cuci matarsa ko jikokinsa. Fitsari da amansa ne ake taɓawa da safar hannu na kwana biyu bayan kemo. Kwanciyar aure ba a hana ba idan jiki ya yarda, sai dai a sa kwaroron roba a waɗannan kwanaki, a kuma kauce wa ɗaukar ciki lokacin kemo da aƙalla wata shida bayansa. Maganar azumi, Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, amma dattawa da yawa ba sa karɓa daga bakin likita, shi ya sa muke so a riƙa gayyato limamin asibiti ko fasto cikin irin wannan zama.

Abinci ne ke haɗa ma'aurata faɗa a wannan jinya. Ta tashi da asuba ta dama, ya kurɓa sau biyu ya kau da kai, ta ji kamar ita ya ƙi. 'Yan dubiya su zo su ga rama, su fita suna cewa ba ta kula da shi. Idan ciwon ya yi nisa, jiki da kansa yake daina karɓar abinci, ko an ɗura ba ya zama tsoka, tilastawa sai ta ƙara masa amai da shaƙewa. Wajibi ne likita ya faɗi wannan a gaban dangin miji, da bakinsa, don a sauke mata laifin da ba nata ba. A nuna mata abin da ya rage mai amfani: jiƙa leɓe, goge baki da auduga, juya shi kowane awa biyu, ba da mofin a kan lokaci. Ita ma a auna hawan jininta ranar da suka zo asibiti, a tambaye ta awa nawa take barci, a sa dangi su tsara wanda zai karɓe ta dare biyu a mako. Miji mai jinya kuma kada a ɗauka ya iya don ya yi shiru. Da yawa ba su taɓa dama kunu ba, kuma kunya ba za ta bar su su tambaya ba.

Asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da dajin nono, na bakin mahaifa da na furostet, wata gaɓa a ƙasan mafitsarar maza. Muna roƙon a shigar da na maƙoshi, a kuma sa endoskofi da gwajin nama da sitent da robar abinci da mofin cikin abin da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ke biya wa masu rauni ƙarƙashin dokarta ta 2022. Wannan yana bukatar kasafi, mun sani zai ɗauki lokaci. Amma tambayar wa zai haɗa abinci, da ɗuri uku a gaban nas kafin sallama, da katin zazzaɓi, da ma'aunin nauyi a ɗakin ganin likita, da nas guda da aka ware wa wayar masu jinya, kowane shugaban asibiti yana iya sa hannu a kansu a wannan watan.

Wassalam.

Naku,
Wasu likitoci, nas-nas da masana abinci masu kula da masu ciwon daji a Arewa